Na Tafi Damagaram da Na'urar Awo a Jaka

Hunturu ya kankama lokacin da na tashi daga Kano, kuma tun daga Kazaure hazo ya sauko har ba a hangen mota sai ta matso. Mun bi ta Daura, muka tsallaka iyaka a Kwangwalam, muka tsaya a Ɗan Barto a duba kaya. Jami'in da ya buɗe jakata ya ci karo da wata 'yar na'ura rawaya wadda ba ta fi wayar hannu girma ba. Ya juya ta gaba da baya, ya ce rediyo ce? Na ce a'a, ranka ya daɗe, ta awon tururin nukiliya ce. Na faɗa masa a ɗakin ɗaukar hoton ƙashi nake aiki a wani asibiti, kuma Damagaram za ni wurin ƙanin mahaifiyata. Na kunna masa, ta yi ƙas, ta yi shiru, ta sake yin ƙas. Ya kasa kunne jim kaɗan, ya miƙo mini, ya ce a sauka lafiya.

Shi Kawun ne ya sa na ɗauko ta. Ƙarfinsa duk a Arlit, can arewacin Nijar, ya ƙare, yana gyaran manyan motoci a wajen haƙar yuraniyom, kuma da ya ajiye aiki bai dawo gida hannu rabbana ba. Ya sayi ƙarafa a kasuwar can ya loda a kamiyo: bututu, da falankin ƙarfe da ya yi ƙyauren gida da shi, da rabin tanki da ya mayar komin shayar da tumaki. Shekara da shekaru suna nan ana amfani da su. Sai ya ji ana maganar ƙarafan Arlit masu guba a rediyo, hankalinsa ya tashi, ya kira ni ya ce, "Ɗana, ku masu aikin hoto ba ku da abin gwadawa ne?"

Daga Matamai zuwa Takeita gonakin gero ne da aka girbe, sai kara, sai gawo da ya yi kore shar a tsakiyar rani. Ana dab da la'asar duwatsun Damagaram suka ɓullo, manya-manya, wani a kan wani. Gidan Kawu a Birni yake, tsohuwar unguwar da ke zagaye da fada, inda har yanzu ake ganin kufan ganuwar zamanin Sarki Tanimu da gidajen ƙasa masu zanko da zane a goshi. Nan ce hedikwatar Nijar kafin Faransawa su mayar da ita Yamai a 1926, kuma mutanen garin ba su manta ba.

Ba a taɓa zancen na'ura ba sai da aka gaisa, aka ci tuwo, aka tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya. Da safe na fara ajiye ta a tsakar gida, nesa da kowane ƙarfe, don in san ƙidayar wurin ta yau da kullum. In ba a yi haka ba, duk abin da aka auna daga baya ba shi da abin kwatantawa. Sannan na bi ƙyauren daga sama har ƙasa, na bi komin, na cusa ta bakin kowane bututu, domin a cikin bututu ne dattin radiyom, wani sinadari mai fitar da tururin, ke daskarewa idan ruwan wankin ma'adini ya daɗe yana bi. Ƙidayar ba ta motsa ba. Kawu ya sauke numfashi ya yi hamdala. Inna, wadda ashe ta daina bari a zuba wa tumakin ruwa a komin, ta sa yaro ya cika shi nan take.

Yaran gidan suka ce sai an gwada dutse. Muka hau ɗaya daga cikin duwatsun bayan unguwa, na ɗora ta a kan falalen, sai ga ƙarar ta ɗan ƙara sauri. Suka ja da baya. Na ce su dawo, babu komai. Irin wannan dutse haka Allah ya halicce shi da ɗan yuraniyom da toriyom da fotashiyom a jikinsa, a ko'ina yake a duniya, kuma kakanninsu a gindinsa suka tsufa. Matsakaicin tururin da mutum ke samu daga ƙasa da iska da abinci da sararin sama milisibat 2.4 ne a shekara, milisibat kuwa shi ne ma'aunin tururin da jiki ya sha. Mu ma'aikata an yanka mana iyakar milisibat 20 a shekara, jama'ar gari kuwa 1 tak a kan abin da suka tarar a wurin. Ita na'urar ba ta da wani sirri. A cikinta akwai ɗan bututu da aka cika da iskar gas, da siririyar waya mai lantarki a tsakiya. Duk lokacin da tururin ya ratsa bututun sai ya farfasa ƙwayoyin iskar, lantarki ya yi tsalle sau ɗaya, shi ne ƙas ɗin da ake ji. Hans Geiger da ɗalibinsa Walther Müller suka ƙera ta a Jamus a 1928. Kusa da abu mai haɗari ƙarar haɗewa take yi kamar gugguru a kasko.

Da dare muna shan shayi a zaure na nuna wa Kawu ɗan bajon da nake maƙalawa a ƙirji a wurin aiki, mai lissafa tururin da jikina ya sha. Ya karɓa yana murmushi, ya ce dozimetir ke nan, su ma sun rataya. Daga nan bakinsa ya buɗe.

Arlit na da nisan kusan kilomita 700 daga inda muke zaune, ta Tanut da Agadas, amma da wuya ka shiga unguwa a Damagaram ka rasa wanda ya yi ci-rani a can. Kamfanin Somair ya fara fitar da ƙarfen a 1971, Cominak kuma a 1978, daga ramin Akuta mai zurfin mita 250, har aka rufe shi ranar 31 ga Maris, 2021. Ramin ya rufu, tarkacen dutsen da aka niƙa bai tafi ko'ina ba: kimanin tan miliyan 20 ne a wannan wuri kaɗai. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, idan an tsame yuraniyom daga dutse, kusan kashi 85 cikin 100 na tururin yana nan a cikin tarkacen, saboda radiyom da toriyom ba su bi shi ba. Radiyom sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, kuma kullum yana fitar da iskar radon wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ƙungiyar Aghir In'man ta Almoustapha Alhacen ce ta gayyato ɗakin gwajin CRIIRAD na Faransa a 2003, suka sami gurɓatattun ƙarafa ana sayarwa a gari. A Nuwamban 2009 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta je, ta sami wani wuri a titin Akokan, garin da ke dab da Arlit, da awonsa ya kusa ninka na yau da kullum sau 500, kuma huɗu daga cikin samfuran ruwa biyar da ta ɗiba a yankin sun haura iyakar yuraniyom ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Bayan haka ne aka kwashe ƙasar wuraren da aka nuna a titin.

Kawu ya san duk wannan, amma ba shi ne ke cin ransa ba. Ya ce farkon zuwansa, in suka fita bayan gari ranar hutu, barewa garke-garke suke gani, wani lokaci har jimina. Kafin ya baro, sai dai labari. Ya ga tsuntsaye na sauka a tafkunan ruwan aiki suna sha, ya ga awaki da raƙuman Buzaye na kiwo inda iska ke zubar da ƙura. "Mu an rataya mana dozimetir," in ji shi. "Ni dai ban taɓa ganin an auna raƙumi ba, kuma nononsa muke sha."

Ban ce masa yuraniyom ne ya ƙarar da barewa ba, domin farin 1973 da na 1984 da masu farauta da mota da bindiga sun isa su share daji. Amma maganarsa ta raƙumi ta zauna mini, da ita na kwana.

Babban ɗansa ma'aikacin gandun daji ne, shi ya ɗauke ni a babur muka nufi Gidimuni, gabas da gari a kan hanyar Gure. Bayan tafiya cikin rairayi da ƙaya sai ga ruwa shimfiɗe, da dabino da goruba da lambunan rake da kabeji a gefe. Kirinjijiya na ta kuka a tsakiyar tafkin, zalɓe na tsaye a bakin gaɓa, balbela na bin shanu. Yayana ya nuna mini wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, ya ce baƙi ne, daga Turai suke ƙetaro Sahara su yi hunturu a nan. Daga nan zance ya kai mu Cernobil, don ya ga hotunan namun dajin can a waya, kuma ya ce shi a ganinsa tururin bai yi musu komai ba.

Abin da ya gani gaskiya ne, sai dai rabi ne. Da tukunyar nukiliyar ta fashe a Yukren ranar 26 ga Afrilu, 1986, itatuwan da ke kusa suka mutu a tsaye, ganyensu ya koma ja, har yau Jan Daji ake kiran wurin. Ƙwari da ƙananan dabbobin ƙasa sun mutu da yawa a watannin farko. Aka kwashe mutane daga kewayen kilomita 30. Da noma da farauta da sarar itace suka tsaya, sai manyan dabbobi suka dawo. Wani bincike da aka buga a 2015 ya nuna kyarketai a ɓangaren Belarus sun ninka na sauran gandayen ƙasar sau bakwai, kuma dawakan dajin da aka saka a 1998 sun hayayyafa. Amma masu kama tsuntsu su duba shi a hannu sun sami tsattsewa da fararen tabo a gashi da ƙari a jiki fiye da na wasu wurare. Kwaɗin itace na yankin sun fi na waje duhun fata. A Fukushima ta Japan, bayan haɗarin tashar nukiliya na Maris ɗin 2011, an sami wani ƙaramin malam-buɗe-littafi da naƙasassun fukafukai da ƙafafu, har a 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a ɗakin gwaji. Masana na ta jayayya kan girman illar, kuma jayayya ce mai amfani, domin kowa da awonsa a hannu yake magana. Sun rataya wa kyarketai abin wuya mai haɗe da dozimetir da na'urar nuna wuri, sun manna wa macizai irinsa a Fukushima, sun tashi jirage marasa matuƙi a kan Jan Daji a 2019 suka zana taswirar wuraren da suka fi zafi.

Na ce masa yawan garke ba ya nuna lafiyar kowace dabba, shi da ke aikin daji ya fi ni sani. Ya yi shiru, sannan ya kawo zancen Termit da Tin Tumma, gandun da aka kafa a 2012 a arewa maso gabashin jihar nan, mafakar ƙarshe ta adaks, farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho. Ƙidayar da aka yi a Maris ɗin 2016 uku kacal ta gani. Ba tururi ne ya kore su ba, motoci ne da bindiga da hayaniyar neman mai. Ya ce abin da ke ba shi tsoro, dabbar da ta ragu haka ba ta da sauran ƙarfin ɗaukar wata sabuwar cuta, komai ƙanƙantarta. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. A Cernobil mutane sun tashi sun bar wa dabbobi daji. A arewacin Nijar babu wanda ya tashi, mutum da raƙumi da barewa rijiya ɗaya da ciyawa ɗaya suka dogara da su.

A hanyar dawowa hazo ya ƙara kauri, ya tambaye ni ko ƙurar nan na ɗauke da wani abu. Tambayar tana da tushe. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggan, cikin hamadar Aljeriya, ta ƙara uku a sararin sama, kuma bayan gwaji na uku ne Nijeriya ta yanke hulɗa da ita a Janairun 1961. An auna ƙurar Sahara da ta sauka Turai a 2022, aka sami burbushin gwaje-gwajen bam na wancan zamani, amma ƙasa ƙwarai da abin da zai cutar da mutum. Na ce masa ya ci gaba da rufe hanci saboda tari da asma, wannan ita ce illar hazo da muke gani kullum a asibiti.

Ranar Alhamis, ranar babbar kasuwa, muka shiga kara. Raƙuma a durƙushe, shanu masu manyan ƙaho, tumaki balami da uda, dillalai na riƙe hannu suna ciniki. Da yawansu gobe ko jibi suna Maigatari ko Mai'aduwa, daga can sai mahautan Kano. Na zauna kusa da wani dattijo makiyayi da ya gangaro daga wajen Tanut, yana sayen kantun gishirin Bilma. Na gaishe shi, na ce Baba, har ina kuke kaiwa da damina? Ya ce har Ingal, wurin lasar gishiri, wani lokaci su zarce arewa in ciyawa ta yi kyau.

Na ba shi labarin makiyayan da suka ga irin wannan masifa. Bayan Cernobil ruwan sama ya zubar da siziyom, wani sinadari mai tururi da ya fito daga tukunyar, a tsaunukan Birtaniya, ciyawa ta shanye, tumaki suka ci. Aka sa wa gonaki kusan 10,000 takunkumi. Kafin a kai tunkiya kasuwa sai jami'i ya dafa mata na'ura a cinya, in awon gubar da ke namanta ya haura bekarel 1,000 a kilo sai a shafa mata fenti a sauko da ita kiwo a kwari har jikinta ya wanke. Sai a 2012 aka ɗage dokar gaba ɗaya. A Norwe kuwa, inda gansakukar da barewar ƙanƙara ke ci ta riƙe gubar, sai aka riƙa cuɗa wani shuɗin sinadari a cikin gishirin lasa, yana kama siziyom a hanji ya fita da shi ta kashi. Dattijon ya dubi kantun da ke gabansa ya ce, "Ashe su ma da gishiri suke magani." Ya ce in gwada masa raƙumarsa.

Na gwada don ya gani, amma na faɗa masa gaskiya: shirun wannan na'ura a jikin dabba ba shaida ba ce. Abin da ke Arlit ba siziyom ba ne. Yuraniyom ne da radiyom da folaniyom, kuma mafi yawan tururinsu gajeren zango gare shi, takarda ma tana tare shi, sai ya shiga ciki ta ruwa ko ƙura ko ciyawa yake ɓarna a ƙoda da ƙashi da huhu. Gano shi sai an ɗebi nono ko ruwan rijiya ko ƙashi an kai ɗakin gwaji. Radon kuma da wani ɗan gwangwani ake kama shi, a ajiye a ɗaki wata uku sannan a karanta. A Yamai akwai cibiyar nazarin irin waɗannan sinadarai a Jami'ar Abdou Moumouni, akwai kuma ARSN, hukumar da ke sa ido kan harkar nukiliya. Sai dai tsakanin Yamai da wannan kara akwai kilomita wajen 900. Ba na cewa naman kasuwar nan na da wani abu, na ci kilishinsa na kuma yi tsaraba. Ina cewa likitocin dabbobi da ke yi wa garken nan allura duk shekara su ne suka fi dacewa su riƙa ɗibar samfuri daga dabbobin da suka yi kiwo kusa da ma'adinai, a auna, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Tamashek da Fulatanci.

Akwai kuma aikin da ƙaramar na'ura ke iyawa sarai. Bayan Fukushima wasu 'yan sa-kai da ake kira Safecast sun ƙera na'urori suna ɗaurawa a jikin motoci, duk inda mota ta bi ana rubuta awo da wuri, kowa na iya buɗe taswirar a intanet. Motocin fasinja na zirga-zirga tsakanin Damagaram da Agadas da Arlit, kuma ga ɗalibai a Jami'ar André Salifou da za su iya riƙe lissafin.

Daga kara muka gangara wajen 'yan gwangwan da maƙera, kusa da Kasuwar Dole. Tsofaffin injuna, ganguna, bututu, ƙafafun mota, duk a jibge, yara na warewa da hannu, maƙera na zaɓen abin da za su yi hauya da murhu, sauran a loda zuwa Kano. Maigidan wurin, wani Alhaji abokin Kawu, ya ba ni izini na zagaya tarin. Ban sami komai ba. Amma nan ne na fi daɗewa, domin irin wannan wuri ne haɗarin ya fi saurin faɗowa. A Satumban 1987, a birnin Goyaniya na Burazil, wasu mutum biyu suka ciro kan injin gashin ciwon daji daga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka sayar wa mai gwangwan. A ciki akwai garin siziyom mai shuɗin haske da dare. Ya burge shi, ya kai gida, ya rarraba wa dangi. Mutum huɗu suka mutu, cikinsu har da yarinya 'yar shekara 6. Aka auna mutum 112,000, aka sami 249 da abin ya taɓa, aka rushe gidaje. Kuma ba asibiti kaɗai ke da irin wannan curi ba. Duk inda ake haƙar mai ko ake duba waldar bututu ana aiki da shi, ga shi kuwa matatar mai na nan arewa da gari a kan hanyar Tanut.

Alhaji ya tara yaransa ya ce in maimaita. Na ɗauki gawayi na zana musu alamar a bango, ɗigo a tsakiya da fukafukai uku, na ce galibi baƙa ce a kan rawaya. Na ce duk ƙaramin ƙarfen da ya yi nauyi fiye da girmansa, ko aka lulluɓe shi da darma, ko yake da ɗumi ba tare da rana ta taɓa shi ba, kada a fasa, kada a sa a aljihu, kada a kai gida. A ja da baya, domin in ka ninka nisanka sau biyu abin da ke isowa jikinka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A hana kowa matsowa, a sanar da jandarma ko 'yan kwana-kwana su kira Yamai. Wanda ya taɓa, in ya ga amai ko ƙuna ba wuta, ya faɗa wa likita abin da ya taɓa, kada ya tsaya jiƙo.

Wani yaro ya ce ya taɓa ganin alamar a jikin wata ganga, amma ya manta inda aka kai ta. Alhaji ya tambaye ni kuɗin na'urar. Na ce ba ta kai kuɗin rago mai kyau ba. Ya aika a kira masa shugaban 'yan gwangwan na layin, suka yi magana a gefe, sannan ya dawo ya ce za su haɗa kuɗin a tsakaninsu, in na koma Kano in sayo in ba direba ya kawo, kuma in rubuto musu yadda ake karanta ta da Hausa, da boko da ajami, don yawancin yaran allo suka yi.